Kurajen fuska: tambayoyin da aka fi yi kan maganinsu a gida

Assalamu alaikum. Tambayoyin nan su ne ake ta maimaita min a kan kurajen fuska, wato pimpus, kusan kullum sai an yi min ɗaya daga ciki, shi ne na ce bari kawai in haɗa su waje ɗaya. Ni ba likita ba ce, amma na sha fama da kurajen nan shekaru, na ɓata fuskata da hannuna kafin in gane inda matsalar take, kuma wallahi ba na so wata ko wani ya bi ta hanyar da na bi.

Anti wai me ke kawo kurajen nan ne, datti ne ko me?

Ba datti ba ne ƙanwata, ki cire wannan a ranki tun yanzu. Duk inda gashi ya fito a fatarki, ko da ɗan siririn nan ne da ba a gani, akwai wata 'yar jaka a gindinsa da ke fitar da maiƙo don fata kar ta bushe. To idan maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata sai su toshe ƙofar, daga nan wata bakteriya da dama can tana zaune a fatar kowa, sunanta Cutibacterium acnes, sai ta samu wajen yaɗuwa a ciki, jiki kuma ya tashi yaƙi da ita, shi ne kike ganin kumburi da ja da mugunya. Abin da ke sa maiƙon ya ƙaru kuwa homon ne, wato sinadaran da jiki ke saki a jini suna sarrafa abubuwa irin girma da al'ada, musamman lokacin balaga, shi ya sa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sai sun yi su ko kaɗan ko da yawa. Gado ma yana ciki, in iyayenki sun yi fama da su akwai yiwuwar ke ma ki yi.

Baƙin ɗigon nan da ke fitowa a hanci da mutane ke ta dirza suna cewa datti ne, shi ma ba datti ba ne. Ƙofar ce a buɗe, iska ta taɓa abin da ya toshe ta sai ya yi baƙi, kamar yadda tuffa ke canza launi in an yanka an ajiye.

Shekarata 31, har yanzu suna fito min. Ba kurajen balaga ba ne ake cewa?

Sunan ne kawai ya bi su. Mata da yawa suna yinsu har bayan shekara 30, wasu har 40, kuma galibi a haɓa da gefen muƙamuƙi suke fitowa, su ƙaru in al'ada ta kusa zuwa. In kuma bayan kurajen kina ganin al'adarki tana wasa, ko gashi na fito miki a gemu ko ƙirji, ko ƙiba tana hawa ba dalili, to wannan a je asibiti a duba homon, don akwai larurar ƙwayayen mace da ake kira PCOS da ke zuwa da haka, kuma babu abin shafawa da zai gyara ta.

Sau nawa ya kamata in wanke fuska a rana?

Sau biyu, safe da dare, sai kuma in kin yi zufa sosai. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, sabulu mara ƙarfi mara ƙamshi, da tafin hannu, ba soso ba. Ki ɗan dafa tawul mai tsafta a fuskar ya tsotse ruwan, kar ki goge da ƙarfi. In kin gama wanka kika ji fuskarki ta ɗame kamar an ja ta har kina jin ta in kin yi murmushi, sabulun ya yi miki ƙarfi, ki canza.

Ni a da sau biyar shida nake wankewa, da soso fa, ina ganin kamar zan kankare su, ashe ƙara tsokano fatar nake yi. Sannan ko fatarki mai maiƙo ce ki riƙa shafa mai mara nauyi bayan wankin, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin fata.

Na ji ana cewa lemun tsami, tafarnuwa, makilin ko bakin soda (farin garin nan da ake sawa a kek) suna busar da kurji. Wanne ya fi?

Dan Allah ko ɗaya kar ki sa. Nan ne na fi so ki tsaya ki karanta a hankali don nan ne aka fi yin ɓarna.

Fatar mutum tana da ɗan tsami nata na halitta, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami ya yi yawa, wajen 5 take, kuma wannan ɗan tsamin yana cikin abin da ke kare ta. Ruwan lemun tsami wajen 2 yake, ya yi tsami da yawa, bakin soda kuma ya haura 8, ya tafi ɗaya ɓangaren, duka biyun rusa katangar fatar suke yi. Lemun tsami ma yana da wata matsalar ta daban, akwai sinadari a cikinsa da in ya zauna a fata rana ta buge shi yana ƙona wajen har ya yi bororo, in ya warke ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Makilin an yi shi ne don haƙori, abin da ya fi komai tauri a jikin mutum, ba don fatar kumatu ba, sanyin nan da raɗaɗin da kike ji ba alamar yana aiki ba ce. Ruwan khal in ba a sirka ba shi ma ƙuna yake yi.

Tafarnuwa kuwa da idona na gani. Wata ƙanwata kurji ɗaya ne tal ya fito mata a kumatu, aka ce ta daka tafarnuwa ta ɗora ta manne da filasta ta kwana da shi. Cikin dare ta ce tana jin zafi amma ta daure wai maganin ne ke shiga. Da safe da ta cire, wajen ya yi jawur ya tashi kamar an ɗiga mata tafasasshen ruwa, shatin filastan ya fito ras, murabba'i, kwana biyu fatar ta saɓule. Kurjin da zai tafi da kansa cikin sati ɗaya ya koma tabon da ta yi wajen shekara tana rufewa da hoda, in ta zauna cikin mutane sai ka ga ta tallafe kumatun da hannu. Har yau in na tuna abin yana min ciwo don ina gidan aka yi, kuma ban hana ba saboda ni ma lokacin ban sani ba.

Duk abin da kika shafa kika ji yana cin fata, ki wanke shi nan take da ruwa mai yawa.

To cikin na gida babu mai aiki kenan?

Akwai, amma a hankali suke aiki, kuma ga masu ƙananan kuraje ne. Wanda ya fi samun shaida shi ne man tea tree, wanda ake tatsa daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Ostireliya. A 1990 an yi gwaji a can da mutum 124, aka gwada mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da maganin benzoyl peroxide mai ƙarfi iri ɗaya, duka biyun suka rage kuraje, sai dai tea tree ya fi jinkiri amma bai busar da fata da sa ƙaiƙayi kamar ɗayan ba. Ki lura fa, kashi 5 aka ce. 'Yar kwalbar nan ta zallansa in kika ɗiga kai tsaye za ta iya ƙona ki, gara ki nemi wanda aka riga aka sirka a sabulu ko jel. Ki fara gwadawa a cikin damtsenki ki jira kwana ɗaya ko biyu, in bai yi ja ko ƙaiƙayi ba sannan ki kai fuska. Ba a shansa ko kaɗan, guba ne in an haɗiye, a ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa.

Aloe vera tana sanyaya fata tana rage raɗaɗi, amma ita kaɗai ba ta kawar da kuraje, ta fi amfani a matsayin mataimakiya. In daga ganyen za ki ɗiba ki bari ruwan ɗorawan nan da ke fitowa a bakin yankan ya tsiyaye tukuna, shi yana sa ƙaiƙayi, farin jel na ciki ake so. Koren shayi in an dafa ya huce a shafa da auduga, wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage maiƙo.

Zuma kuwa, na san ana sonta kuma gaskiya tana da amfani a kan rauni, amma da aka gwada wata irinta a kan kuraje a New Zealand ba a ga ta ƙara wani abu a kan sabulun da masu gwajin ke amfani da shi ba. In kina jin daɗinta a fuska na minti goma ki wanke, ba laifi, tana laushi, kar dai ki ɗora duk fatanki a kanta.

Abu ɗaya za ki ɗauka ki gwada, ba biyar a lokaci guda ba, in ba haka ba ko wani ya ɓata miki fuska ba za ki san wanne ne ba.

Man kwakwa fa?

A jiki da ƙafa eh, a fuska mai kuraje a'a. Yana toshe ƙofofin fata ga mutane da yawa.

Wani ƙato ya fito min kuma jibi ina da taro, ya zan yi?

In irin mai zurfin nan ne mai zogi da ba shi da baki, ki naɗe ƙanƙara a ƙyalle mai tsafta ki ɗora minti biyar, ki huta, ki sake, zai rage kumburin. In ya fara nuna farin kai sai ki koma ruwan ɗumi, ki jiƙa ƙyalle ki ɗora minti 10 zuwa 15 sau uku a rana, da kansa zai buɗe. Akwai kuma 'yar filasta ta musamman ta kuraje da ake mannawa a kwana da ita, tana tsotse ruwan kuma tana hana hannunki zuwa wajen, ni a gurina wannan na biyun ma ya fi muhimmanci. Ba zai ɓace gaba ɗaya kafin jibi ba, amma zai kwanta yadda hoda kaɗan za ta rufe shi.

In na matse ya fito ai ya fi saurin warkewa ko?

Na san daɗin da ke ciki, na san tsayuwar nan gaban madubi da dare, ka ce ɗaya kawai zan taɓa, kafin ka ankara ka bi fuskar duka ta yi jajaja da shatin farce. Amma abin da ke faruwa shi ne rabi ya fito waje rabi ya fashe ta ciki, kumburin ya ƙara zurfi, ga ƙwayoyin cutar farce sun shiga. Yawancin ramukan da ke kumatuna yau daga nan suka samo asali, kuma rami ba ya cikewa da man shafawa kowane iri ne. Ki yanke farce, ki rage tsayuwa kusa da madubi.

Abinci yana da hannu? An ce in bar mai da cakulan.

Man da kika ci ba shi ne yake fitowa a fuskarki ba, ba haka jiki ke aiki ba. Inda aka fi samun alaƙa shi ne abubuwan da ke ɗaga sukarin jini da sauri, irin lemun kwalba, alawa, kek, farin burodi, saboda suna ɗaga insulin, wato homon mai daidaita sukarin jini, shi kuma ya tunzura homon da ke ƙara maiƙo. Sai madarar shanu, musamman wadda aka cire wa mai, da garin furotin na whey da masu motsa jiki ke sha, an ga suna tafiya da kuraje a wasu mutane. Wasu fa, ba kowa ba. Cakulan kuma yawancinsa sukari ne da madara, ki duba ta nan.

Shawarata kar ki hana kanki cin komai ki rame a banza. Ki rage abu ɗaya na wata biyu ki gani. Shan ruwa yana da kyau ga lafiya amma ba ya wanke kuraje daga ciki kamar yadda ake faɗa. Masu shan ƙwayar zinc kuma kar a wuce miligiram 40 a rana ga babba sai da izinin likita, yana tayar da zuciya in ciki ba komai.

Nawa a goshi kawai suke, ƙanana ƙanana a bakin gashi.

Ki duba man gashinki. Mai kauri yana narkowa da zufa ya sauko goshi ya toshe ƙofofin, sannan ya shafi rigar filo ki kwana fuskarki a kai. Ki rage shi, ki daina kai shi bakin goshi, ki riƙa canza rigar filo ko sau ɗaya a sati, duk abin da ake ɗaurawa a kai ko hula a riƙa wankewa. Fuskar waya ma a goge. In kuma duk girmansu ɗaya ne kuma suna ƙaiƙayi sosai, har ƙirji da baya, akwai yiwuwar ba pimpus ba ne, wani nau'in fangas ne, maganinsa daban.

Sati biyu kenan ina bin duk wannan ban ga komai ba.

Sati biyu ai ba a fara ba 'yar uwa. Kurjin da kika gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙarƙashin fata kafin ya leƙo, to abin da kike shafawa yanzu na gaba yake tarewa. Ko maganin asibiti sai sati 6 zuwa 8 ake fara ganin bambanci, cikakken sakamako kuma wajen sati 12. Ki ɗauki hoton fuskarki yau a haske, ki sake ɗauka bayan wata ɗaya a waje guda, don ido da ke kallon madubi kullum ba ya ganin canji. Yawan tsalle daga wannan haɗi zuwa wancan duk kwana huɗu shi ne ya cinye min shekaru.

Kurajen sun tafi amma baƙin tabo ya ƙi tafiya.

Masu duhun fata mun fi kowa fama da wannan, duk inda aka samu kumburi sai fata ta zuba launi a wajen. Labari mai daɗi shi ne irin wannan tabon da yake a shafe ba rami ba yana gogewa da kansa, sai dai yana ɗaukar wata 6 zuwa 12, wani ma ya fi. Rana ce ke ƙara masa duhu, don haka man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama kullum da safe, eh har mu baƙaƙe. Abubuwan shafawa masu azelaic acid ko niacinamide suna taimakawa. Amma a fara tsayar da sababbin kuraje tukuna, in ba haka ba kina goge tsoho sabo na zuwa.

Akwai wani kirim da na shafa kwana uku fuskata ta yi sumul har ta yi haske, amma da na bari suka dawo fiye da da.

Ki ɗauko kwalin ki karanta, in kin ga clobetasol ko betamethasone to siteroyid ne. Yana kwantar da kumburi da sauri shi ya sa ake ruɗuwa, amma daga baya shi da kansa yake haifar da kuraje, ya sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ya kawo nankarwa. Mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake zubawa a roba ba suna ba komai da yawansu akwai shi a ciki, wasu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. In kin daɗe kina shafawa kar ki yi ta kanki ke kaɗai, ki ga likita ya nuna miki yadda za ki janye, don fuskar takan yi bore in an bari lokaci guda. Kuma ba abin kunya ba ne, mutane da yawa ba su san abin da aka sayar musu ba.

Ni namiji ne, nawa a gemu da wuya suke bayan aski.

Ɗan uwa wannan yawanci gashi ne mai lanƙwasa yake juyawa ya soki fata. Ka bar reza na ɗan lokaci, ka koma kilifa ka bar ɗan tsawo, kar a kankare har ƙasa, kuma a bi yadda gashin ya kwanta. Ka jiƙa gemun da ruwan ɗumi kafin aski.

Da gaske ne in mutum ya yi aure suna tafiya?

A'a, babu alaƙa. Shekaru ne ke tafiya homon ya lafa, sai abin ya zo daidai.

In na gida bai yi ba, me zan nema a kemis?

Benzoyl peroxide mai kashi 2.5, yana aiki kusan daidai da mai kashi 10 kuma bai kai shi cin fata ba, sai dai yana koɗar da tawul da rigar filo, a yi amfani da farare. Salicylic acid mai kashi 0.5 zuwa 2 yana da kyau ga toshewa da baƙin ɗigo. Sai adapalene mai kashi 0.1, wanda tun 2016 aka yarda a sayar da shi ba takardar likita a Amurka, wasu ƙasashen kuma sai da takarda. Ɗan kaɗan ake lakata a shafe fuskar duka da dare, a fara da sau biyu ko uku a sati. Maganin antibayotik na sha kuwa kar ki saya da kanki ki yi ta sha wata da watanni.

Ina da juna biyu, zan iya amfani da waɗannan?

Allah Ya raba lafiya. Adapalene, tretinoin da duk danginsu ki ajiye su, haka ƙwayar doxycycline. Isotretinoin kuwa, wata ƙwayar kuraje mai ƙarfi da likita ke rubutawa, ko kusa, yana nakasa jariri a ciki, ko mai shirin ɗaukar ciki ba a ba ta. Azelaic acid yana cikin waɗanda likitoci ke bari, amma ki nuna duk abin da kike shafawa a wajen awo kafin ki ci gaba, har na gargajiya da mayukan ganye.

Yaushe zan haƙura da na gida in je asibiti?

In kurajen manya ne masu zurfi da zogi kamar maruru, kar ki ɓata ko sati ɗaya a kan zuma da aloe, irin waɗannan su ke barin rami kuma maganinsu yana hannun likitan fata. Haka in kin ga ramuka sun fara fitowa, ko tabo mai tudu da ke girma a ƙirji, kafaɗa ko muƙamuƙi, ko kin yi wata uku cur kina kula yadda ya kamata babu sauƙi, ko kurajen sun ɓarke lokaci guda bayan kin fara wani sabon magani. In fuska ta kumbura da zazzaɓi kuwa ranar za a tafi.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba. In abin ya kai kina fasa fita, kina gudun hoto, kina kuka a ɗaki, wannan kaɗai ya isa dalilin ganin likita ko da wasu na cewa ai 'yan kuraje ne kawai. In za ki je ki zuba duk abin da kike shafawa a leda ki tafi da su, har haɗin da ba shi da suna, ki faɗi tsawon lokacin da kika yi kina amfani da kowanne.